Yadda ake gane irin raunin da laka ta samu bayan hatsari

Ƙashin baya na iya karyewa laka, wato igiyar jijiyar da ke bi ta cikinsa, ta tsira, haka kuma laka na iya lalacewa alhali ƙashi ya fito lafiya lau a hoto. Shi ya sa ma'aikacin lafiya da aka kawo wa wanda mota ta buge, ko wanda ya faɗo daga sama, ko wanda aka soka da wuƙa a baya, ba zai jira hoto ya gaya masa halin da laka take ciki ba. Da hannunsa zai fara ganowa, a bakin gado. Kayan aikin ba su da yawa: safar hannu, auduga, fil mai makulli sabo, ƙarfen gwajin girgiza mai lamba 128 idan akwai, sai takarda da biro da agogo.

Hanyoyi uku a cikin laka

Ƙasusuwan baya bakwai ne a wuya, 12 a ƙirji, biyar a ƙugu, sai biyar da suka manne wuri guda a kwatangwalo, da ɗan guntun da ke can ƙarshe. A rubuce ana sa C wa na wuya, T wa na ƙirji, L wa na ƙugu, S wa na kwatangwalo. Ita laka ba ta kai ƙarshen ƙashin ba. A jikin baligi tana tsayawa ne wajen L1 zuwa L2, daga nan zuwa ƙasa sai tarin jijiyoyi da ke sauka a sake cikin ramin ƙashi, waɗanda ake kira jelar doki.

Hanyoyin saƙo a cikin laka suna da yawa, amma uku ne ake gwadawa a bakin gado, kuma duk aikin gane irin rauni a kansu ya rataya. Ta farko hanyar motsi ce, mai kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Tana bin gefen laka, kuma ta riga ta tsallaka tun a gindin ƙwaƙwalwa, don haka idan ta yanke a dama, ɓangaren dama ne zai shanye. Ta biyu hanyar jin zafi da sanyi da tsini ce. Tana gaba-gaba, kuma da zarar ta shiga laka sai ta tsallaka zuwa ɗaya gefen cikin gaɓar laka ɗaya ko biyu, don haka yankewarta a dama hagu take kashewa. Ta uku tana can baya, ita ke sanar da mutum inda gaɓarsa take ko da idonsa a rufe, da jin girgiza. Wannan ba ta tsallakawa sai ta isa gindin ƙwaƙwalwa, don haka raunin dama dama yake taɓawa.

Jini kuma ba daidai aka raba shi ba. Jijiyar jini guda ɗaya da ke gaba ita ke ciyar da kashi biyu cikin uku na laka, biyu ƙanana na baya su ciyar da sauran. Wanda ya riƙe wannan tsarin ba ya buƙatar haddace alamomin kowane irin rauni, zai iya fitar da su da kansa.

Kafin ka ɗauki fil

A ɗauka cewa laka tana cikin haɗari ga duk wanda ya ji rauni a kai ko fuska mai ƙarfi, wanda ya faɗo daga tsawon da ya wuce mita ɗaya ko matakala biyar, wanda ya yi nutso da ka cikin ruwa marar zurfi, wanda mota ta wuntsila da shi ko ta jefo shi waje, da duk mai shekara 65 zuwa sama da ya faɗi yana kukan wuya. Haka wanda ya suma, ko yake cikin maye, ko yake da wani ciwo mai tsanani kamar karayar cinya da zai ɗauke masa hankali daga wuyansa. Rashin cewa "wuyana" daga bakin irin waɗannan ba hujja ba ne.

Mutum ɗaya ya tsaya a kai, ya riƙe kan da tafuka biyu a gefen kunnuwa, hanci ya yi layi ɗaya da cibiya, ba ja ba murɗawa. Idan hanyar iska ta toshe, a tura muƙamuƙi gaba da yatsu daga bayan kusurwarsa, kada a ɗaga haɓa a lanƙwasa wuya baya. Idan za a juya shi a duba bayansa, mutum huɗu ake so: ɗaya a kai shi ke ba da umarni, biyu a gangar jiki da kwatangwalo, ɗaya a ƙafafu, jiki ya juya gaba ɗaya. Wanda wuyansa ya daɗe a sandare a lanƙwashe saboda cutar manne ƙasusuwan baya, kada a tilasta miƙar da shi don kwalar wuya ta zauna. A cika masa ƙarƙashin kai da tsumma ya kwanta yadda ya saba, domin miƙarwar ce kan buɗe karayar ta datse laka.

Sai numfashi. Tsokar da ta raba ƙirji da ciki tana samun jijiyarta daga C3, C4 da C5. Rauni a sama da nan yana tsayar da numfashi nan take. Rauni a C5 zuwa ƙasa kuwa yana barin wannan tsoka amma ya kashe tsokokin haƙarƙari, sai ka ga ciki na tashi, ƙirji na lotsawa ciki a lokacin shaƙar iska. Ka sa shi ya yi tari ka ji ƙarfinsa, ka sa ya ja numfashi ɗaya ya ƙirga ka rubuta inda ya tsaya. Mai irin wannan rauni yakan yi magana lafiya a awannin farko, sannan ya gaji a kwana na biyu ko na uku yayin da kumburi ya hau sama kuma majina ta taru. Adadin da ke raguwa daga awa zuwa awa gargaɗi ne tun kafin na'urar auna iskar jini ta nuna komai.

Idan jini ya faɗi, fara da zargin zubar jini, domin shi ya fi yawa kuma shi ya fi saurin kisa. Mai zubar jini zuciyarsa gudu take, fatarsa sanyi da gumi. Wanda lakarsa ta yanke a T6 ko sama da haka kuwa jijiyoyin jininsa sun saki, jini ya faɗi amma bugun zuciya a hankali yake, sau da yawa ƙasa da 60, hannu da ƙafa da ɗumi, fata a bushe. Matsalar ita ce biyun na haɗuwa a jiki ɗaya, kuma wanda ba ya jin cikinsa ba zai ce uffan ba ko da saifarsa ta fashe. A duba ciki da ƙirji da kwatangwalo da na'ura kafin a ɗora laifin a kan laka. Idan an tabbatar daga laka ne, a ba da ruwa daidai gwargwado sannan a koma ga maganin matse jijiyoyin jini irin su noradirenalin. Ɗura lita bayan lita ba ya ɗaga jinin, huhu kawai yake cikawa.

Gwajin ƙarfi

Tsokoki goma ake gwadawa a kowane ɓangare, yana kwance rigingine, dama daban hagu daban. A hannu: lanƙwasa gwiwar hannu C5 ne, ɗaga wuyan hannu baya C6, miƙe gwiwar hannu C7, lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta yatsan tsakiya C8 (jijiyoyin wuya takwas ne ko da yake ƙasusuwan bakwai ne), ware ƙaramin yatsa T1. A ƙafa: ɗago cinya L2, miƙe gwiwa L3, ɗago tafin ƙafa sama L4, ɗago babban yatsa L5, taka ƙasa kamar mai taka birki S1.

Maki daga 0 zuwa 5 ne. Sifili babu komai. 1 tsoka na ɗan motsi a ƙarƙashin yatsanka amma gaɓa ba ta tafiya. 2 gaɓa na tafiya idan an ɗauke mata nauyi. 3 tana ɗagawa da kanta har ƙarshe. 4 tana iya turjiya kaɗan. 5 cikakken ƙarfi. Iyakar da ta fi muhimmanci ita ce tsakanin 2 da 3, a nan ake raba tsokar da za ta yi aiki da wadda ba za ta yi ba tukuna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce "matse hannuna", "motsa yatsun ƙafarka", a rubuta cewa yana motsa gaɓoɓi huɗu. Wannan jimla ta ɓoye raunuka masu yawa. Mutum zai iya ɗaga hannu sama da ƙarfin kafaɗa alhali yatsunsa sun mutu. Mai rauni a C6 kuma idan ya ɗaga wuyan hannu baya, yatsunsa na lanƙwashewa da kansu kamar ya kama abu, sai a ba shi makin C8 da bai da shi. Don haka ka riƙe wuyan hannun da gaɓoɓin yatsan da ke sama, ka bar ta ƙarshe kawai ta motsa. Gaɓar da ta karye ko aka ɗaure, rubuta cewa ba ta gwaduwa, kada ka ba ta sifili.

Gwajin ji

Fuska ce ma'auni, domin jijiyarta ba ta bin laka. Taɓa kumatu da fil ka ce masa wannan shi ne tsini, ka juya kan fil ɗin ka ce wannan shi ne dakushi. Sannan ya rufe ido. A kowane wuri tambayar biyu ce: tsini ne ko dakushi, kuma daidai yake da na fuska ko ya bambanta. Idan ba ya iya raba tsini da dakushi, makinsa sifili ne ko da yana jin an taɓa shi. Wanda ke ji amma ba kamar fuska ba, 1. Daidai da fuska, 2. Sai a maimaita da auduga, shafa ɗaya gajere.

Cikakken gwaji wurare 28 ne a kowane ɓangare, amma a ɗakin gaggawa ga waɗanda ba a tsallakewa: saman kafaɗa C4, babban yatsa C6, yatsan tsakiya C7, ƙaramin yatsa C8, can cikin hammata T2, layin kan nono T4, ƙarshen ƙashin ƙirji T6, cibiya T10, matsematsi T12, idon sawu na ciki L4, bayan ƙafa wajen gindin yatsa na uku L5, gefen diddige na waje S1. Ya fi sauƙi a faro daga inda ba ya ji a hau zuwa inda yake ji, domin mutum ya fi saurin lura da dawowar ji.

Akwai tarko a saman ƙirji. Jijiyoyin C4 suna sauka su rufe fata har kusa da kan nono, don haka mai rauni a wuya zai iya jin fil a ƙasan ƙashin wuya, sai a rubuta T3 a ce raunin ƙirji ne. Duk wanda jinsa ya tsaya a saman nono, a koma a gwada hannayensa yatsa bayan yatsa.

Hanyar baya ita ake yawan mantawa, ga shi kuwa ba ta cin minti ɗaya. Kama babban yatsan ƙafa ta gefe da gefe, ba sama da ƙasa ba don kada matsin yatsanka ya ba shi amsa. Ɗaga shi ko sauke shi kaɗan, ya faɗi ina ya nufa, sau biyar ko shida. Idan ya kasa, hau idon sawu, sannan gwiwa. Ƙarfen girgiza kuma a kaɗa shi a ɗora a kan ƙashin idon sawu. Idan ba a yi wannan ba, babu yadda za a raba raunin gaban laka da yankewar laka gaba ɗaya.

Gwajin dubura

Nan ne ake yanke hukuncin ko raunin cikakke ne ko akwai sauran hanya, kuma nan ne kunya ko gaggawa ke sa a tsallake. A yi wa majiyyaci bayani, a nemi izininsa, a samu wani ma'aikaci a wurin, a rufe shi. Abu huɗu ake nema. Jin auduga da jin fil a fatar da ke dab da bakin dubura, dama da hagu, wato S4 da S5. Jin matsin yatsa a ciki idan an danna bangon dubura. Sai a ce ya matse yatsan kamar mai riƙe bayan gida. A lura kada a ruɗe da matse ɗuwawu ko yunƙurin ciki, kuma tsukewar da ke zuwa da kanta lokacin shigar yatsa ba ita ake nufi ba, sai wadda ya yi da umarni ya saki da umarni.

Idan ko ɗaya daga cikin waɗannan yana nan, raunin bai cika ba, ko da ƙafafu biyu ba sa motsi ko kaɗan. Saƙon da ya taso daga can ƙarshen laka ya isa ƙwaƙwalwa ya nuna cewa akwai zaren da ya ratsa wurin raunin da rai. A ma'aunin ASIA, na ƙungiyar masana raunin laka ta Amirka, da ake amfani da shi a duniya, A shi ne babu ji babu motsi a S4 da S5. B akwai ji babu motsi. C akwai motsi amma fiye da rabin tsokokin da ke ƙasa da raunin ba su kai 3 ba. D aƙalla rabinsu sun kai 3. E komai ya dawo daidai. Matakin rauni kuwa shi ne gaɓar laka mafi ƙasa da ji da motsi suke lafiya a ɓangarorin biyu.

Haɗa abin da ka samu

Yanzu takardarka na ɗauke da amsa uku ga kowane ɓangare: ƙarfi, tsini, sanin matsayin gaɓa. Dubi yadda suka rabu.

Idan hannaye sun fi ƙafafu rauni, raunin tsakiyar laka ne a wuya. Shi ya fi kowane yawa a cikin raunukan da ba su cika ba, kuma shi aka fi kuskurewa. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Richard Schneider ne ya bayyana shi a 1954. Wanda ya fi samu shi ne dattijon da ramin ƙashin wuyansa ya riga ya tsuke saboda tsufa, ya yi tuntuɓe ya faɗi ta fuska, kai ya wurga baya, laka ta matsu tsakanin tsiron ƙashi a gaba da jijiyar da ta naɗe daga baya. Ka nemi ƙujewa a goshi ko haɓa ko hanci. Zai iya shigowa da ƙafarsa, yana cewa tafukansa na ƙuna kamar an zuba barkono, ba ya son ko mayafi ya taɓa su, ya kasa riƙe kofi ko ɓalle maɓalli. Fitsari kan riƙe. Hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna karaya, sai a ce tsufa ne ko raki, a sallame shi. Tsohon da ya faɗi ya tashi da hannaye marasa ƙarfi mai raunin laka ne har sai hoton MRI, mai nuna laka kanta, ya ce a'a. Wajen warkewa ƙafafu ke fara dawowa, sannan mafitsara, sannan damatsa, yatsu su ne na ƙarshe kuma ba kullum suke dawowa duka ba.

Idan motsi ya tafi, jin tsini da zafi da sanyi sun tafi a ɓangarorin biyu, amma yana faɗin inda yatsan ƙafarsa ya nufa daidai kuma yana jin girgiza, raunin gaban laka ne. Yakan biyo bayan lanƙwashewar wuya ko baya gaba da ƙarfi, inda ƙashi ya tarwatse ko faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya fashe ya danna laka daga gaba, ko jijiyar jinin gaba ta toshe. Yagewar babbar jijiyar jini ta ƙirji da faɗuwar jini mai tsawo su ma suna kawo shi ba tare da karaya ba. Auduga na iya yaudararka a nan, domin jin taɓawa yana bin hanyar baya ma, sai ya ce yana ji. Fil ne ke tona shi. Cikin raunukan da ba su cika ba, wannan ne ya fi ƙarancin dawowar motsi.

Idan ƙafa ɗaya ta shanye kuma ba ta san matsayinta ba amma tana jin tsini, ɗayar kuma tana motsi amma ba ta jin tsini, rabin laka ne ya yanke, abin da ake kira da sunan Brown-Séquard, likitan da ya bayyana shi a tsakiyar ƙarni na 19. Raunin yana ɓangaren ƙafar da ta shanye. Rashin jin tsini a ɗaya ɓangaren yana farawa ne gaɓa ɗaya ko biyu ƙasa da wurin raunin. Sukar wuƙa a wuya ko baya ita ce sananniyar hanyarsa, amma karayar gefe ɗaya ma na kawo shi. Da wuya a same shi tsaf yadda littafi ya zana. Abin da aka fi gani shi ne ɓangare ɗaya ya fi rauni, ɗayan ya fi rashin ji. Mafi yawan masu shi suna komawa tafiya. Idan wuƙar na jiki, a bar ta a wurin, a tallafe ta da bandeji, a ɗakin tiyata ake zare ta.

Raunin bayan laka kaɗai ba kasafai ake ganinsa ba. Ƙarfi na nan, jin tsini na nan, sanin matsayi da girgiza ne suka tafi. Daga baya idan ya tashi, sai ya riƙa kallon ƙafarsa yana buga ta da ƙasa, a duhu kuma ya yi tangaɗi.

Sauran biyun na ƙasan baya ne, kuma suna kama da juna. Karaya a T12 ko L1 tana samun ƙarshen laka, inda cibiyar mafitsara da dubura take. Alamun suna zuwa nan take kuma daidai a ɓangarorin biyu: fitsari ya riƙe, dubura ta saki, ji ya ɗauke a duk inda ke taɓa sirdi idan an hau doki, wato tsakanin cinyoyi da al'aura da kewayen dubura. Ƙafafu kan iya zama da ƙarfinsu, abin da ke sa a yi sakaci ke nan. Rauni daga L2 zuwa ƙasa kuwa jelar doki yake samu. A nan zafi mai harbawa zuwa ƙafa ya fi tsanani, raunin ba daidai yake a ƙafafun biyu ba, tsoka a sake, bugun gwiwa ko na agara, wato zaburar ƙafa idan an ƙwanƙwasa wurin, ya ɓace. A duka biyun ka tambaye shi yaushe ya yi fitsari na ƙarshe, ko yana jin fitarsa, ko yana jin taɓawa idan yana tsarki. Ka shafa mara, ka auna abin da ya rage a mafitsara. Mafitsara cike ba tare da jin matsuwa ba alama ce mai nauyi. Fitsarin da ke ɗiga da kansa kuma ba yana nufin hanya a buɗe take ba, ambaliya ce daga mafitsarar da ta cika ta kasa ɗauka. Ba sai ka raba biyun daidai ba kafin ka kira likitan tiyata, dukansu na gaggawa ne.

Abubuwan da ke ruɗar da gwaji

A awannin farko laka kan yi suman wucin gadi: duk abin da ke ƙasa da raunin ya saki, babu ko bugun gwiwa. Ga namiji gaba na iya miƙewa ba dalili, wanda shi kansa alamar raunin laka ne mai tsanani, kuma yana da amfani ƙwarai ga wanda ya suma ba ya iya ba da amsa. A cikin wannan hali rauni kan yi kama da cikakke alhali ba haka yake ba. Ana bibiyar ƙarshensa da matse kan azzakari ko ɗan jan robar fitsari a hankali a ga ko dubura za ta tsuke, wanda yakan dawo cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Saboda haka kada a gaya wa iyali a daren farko cewa ba zai sake tafiya ba, kada kuma a yi musu alkawarin zai tashi. Gwajin da aka yi bayan awa 72 ya fi na ranar farko faɗin gaskiya.

Ga wanda ba ya cikin hayyacinsa, ido ne zai yi aikin. Yana yamutsa fuska idan an matsa saman ƙashin wuya amma ko gezau idan an matsa farcen ƙafa? Yana lanƙwasa gwiwar hannu amma ba ya miƙewa? Ciki kaɗai ke numfashi? Janye ƙafa idan an tsikare ta ba shaidar lafiya ba ce, laka na iya yin wannan ita kaɗai ba da sanin ƙwaƙwalwa ba.

Yara, musamman 'yan ƙasa da shekara takwas, kansu babba ne, jijiyoyin wuyansu kuma masu miƙewa ne, don haka ƙashi na iya gocewa ya ja laka ya koma mazauninsa, hoton ƙashi da na CT su fito babu komai. Wani yaron zai ce ya ji kamar lantarki ya ratsa shi ko ƙafafunsa sun mutu na ɗan lokaci sannan suka dawo, shanyewar ta zo bayan awanni ko kwanaki. Irin wannan labari ya isa a tsare wuya a yi MRI. Wajen kwantar da ƙaramin yaro a sa ɗan abu a ƙarƙashin kafaɗunsa, domin girman ƙeya na tura wuya gaba.

Hannu ɗaya tak da ya shanye bayan faɗuwa daga babur a kan kafaɗa, ƙafafu da dubura lafiya, ya fi kama da fizgewar jijiyoyin hammata. Rabin jiki tare da karkacewar baki kuwa ƙwaƙwalwa ake zargi, ko yagewar jijiyar jinin wuya. Amma ba a cire kwalar wuya saboda wannan zato, sai hoto ya tabbatar.

Bayan gwajin farko

Rubuta lokaci da maki, ba "ya ɗan fi" ko "babu canji" ba. Ja layi da biro a fata inda jin tsini ya tsaya, ka sa awa a gefensa, don wanda zai karɓe ka ya gani da idonsa. A maimaita gwajin bayan kowane ɗauka ko juyawa, kafin tafiya da bayan isa, kuma kowace awa ɗaya zuwa biyu a ranar farko. Layin da ya hau sama ko makin da ya sauka yana nufin jini na taruwa, ko kumburi, ko ƙashi ya goce, kuma kira ne na nan take.

CT ke nuna ƙashi, MRI ke nuna laka da faifai da jijiyoyi da tarin jini. Idan an ga karaya ɗaya a duba gadon bayan gaba ɗaya, domin kusan ɗaya cikin goma na da wata karayar a wani wuri daban. A sauke shi daga katakon ɗauka da zarar an isa, fatar da ba ta ji tana fara mutuwa cikin 'yan awanni a ƙeya da gindin baya da diddige. A juya shi kowace awa biyu, a sa robar fitsari, a rufe shi da bargo domin jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi. A hana iskar jini da awon jini faɗuwa. An daɗe ana nufin matsakaicin matsin jini a jijiya, wanda ake kira MAP, na 85 zuwa 90 a makon farko, domin lakar da ta ji rauni ba ta jure ƙarancin jini. Zuƙe majina daga maƙogwaro na iya sa bugun zuciyar mai raunin wuya ya ragu ƙwarai, don haka atirofin, maganin da ke ƙara saurin bugun zuciya, ya kasance a kusa. Allurar sitiroyid mai yawa da aka saba yi a da yanzu ba a ba da shawarar yin ta ga kowa, saboda illarta ta fito fili fiye da amfaninta. Idan akwai abin da ke danne laka, ana son a ɗauke shi cikin awa 24, don haka wurin da ba shi da likitan tiyatar baya ya fara shirin tura majiyyaci tun lokacin da aka gama gwajin farko, da takardar makin a tare da shi.